Dattijon da ya kai Hare Krishna Amurka da rupi 40

Ranar 13 ga Agusta 1965, wani jirgin ruwa na dakon kaya mai suna Jaladuta ya tashi daga tashar Kalkata a ƙasar Indiya. A cikinsa akwai wani dattijo da kai a aske, ya yafa mayafi ruwan goro. Guzurinsa bai taka kara ya karya ba: laima, ɗan busasshen hatsi, akwatunan littattafai, sai kuɗin Indiya rupi 40, wato wajen dala 7. Ko kuɗin jirgin ba shi ya biya ba. Mai kamfanin, wata attajira Sumati Morarjee, ita ta ba shi gurbi kyauta. A tsakiyar teku ciwon zuciya ya kayar da shi har sau biyu, kuma a kan ruwan ya cika shekara 69.

Masu kallo, wannan shi ne Bhaktivedanta Swami, wanda mabiyansa ke ce wa Prabhupada. In kun taɓa ganin Turawa da ƙwal-kwabo da ɗan tukku a ƙeya, suna kaɗa ganga a titi suna rera Hare Krishna, to daga wannan jirgi abin ya taso.

Sunansa na yanka Abhay Charan De. An haife shi a Kalkata a 1896, mahaifinsa ɗan kasuwar yadi ne. Ya yi boko a kwalejin 'yan mishan, ya yi aure, ya shiga sana'ar magunguna. A 1922 wani aboki ya ja shi wurin wani malamin Hindu, Bhaktisiddhanta Sarasvati. Haɗuwar farko ke nan, malamin ya ce masa: ku da kuka yi ilimi, me zai hana ku kai wannan saƙo duniya da Turanci? Saurayin, wanda a lokacin yana bayan Gandhi, ya yi gardama, ya ce wa zai saurari Indiya tana hannun Turawan mulkin mallaka? Amma maganar ta zauna masa a zuci. Shekara 43 yana ɗauke da ita kafin ya hau jirgi.

Wane saƙo ne? Addinin Hindu hanyoyi ne da yawa. Wannan hanya ta samo asali daga Chaitanya, wanda aka haifa a yankin Bengal a 1486. A wurin mabiyanta Krishna shi ne abin bauta mafi girma, kuma ba da zurfin ilimi ko asalin gida ake kusantarsa ba, sai da ƙauna da yawan ambaton sunansa a bainar jama'a. Ku riƙe wannan batu na asalin gida, don shi ya sa dattijon ya ga Bature ma zai iya zama limamin haikali, abin da wasu malaman Indiya suka ƙi yarda da shi.

A 1959 ya rabu da harkar duniya, ya tare a wani ɗan ɗaki a garin Vrindavan yana fassara Bhagavatam, ɗaya daga cikin manyan littattafan addinin Hindu, zuwa Turanci. Juzu'i uku ya samu ya buga, su ne a akwatunan nan.

A New York ya sha wuya. Ga sanyin da bai saba da shi ba, ga rashin masauki, har ɓarayi suka kwashe masa keken rubutu da rikoda. Sai a 1966 wasu matasa suka kama masa hayar wani ƙaramin shago a lamba 26, titin Second Avenue. Nan ne wurin da ni labarin ya fi taɓa ni. Waɗanda ke shigowa yawanci 'yan hifi ne, yaran da suka bar gidajen iyayensu, da yawansu ƙwaya ta ci su. Tsoho mai shekara 70 shi zai shiga madafa ya dafa musu shinkafa da miyar wake, ya gasa gurasar capati, ya bi layi yana ƙara wa kowa. A farkon lamarin ma shi ke wanke kwanukan. Ya koya musu wanka da asuba da wanke hannu kafin cin abinci, kamar uba da ƙananan 'ya'yansa.

Duk da haka bai sassauta ba. Mai son zama almajirinsa sai ya bar nama da kifi da ƙwai, ya bar caca da zina, ya bar duk abin sa maye, har shayi da gahawa da taba. Sannan kullum ya ja carbi mai ƙwaya 108 sau 16, ambato 1,728 ke nan, aikin wajen awa biyu. Mutum zai zaci za su watse. Sai ga shi suna ƙaruwa. A watan Yulin 1966 ya yi wa ƙungiyarsa rajista da sunan ISKCON, wato ƙungiyar masu bautar Krishna ta duniya.

Daga nan abu ya yi gudu. San Francisco a 1967, sai Landan, inda George Harrison na ƙungiyar mawaƙa ta Beatles ya fitar da faifan ambaton nasu a 1969, daga baya ya ba su kyautar katafaren gida a wajen birni. A 1971 dattijon ya taka Mosko da Nairobi. Cikin shekara 12 ya zaga duniya sau 14, aka buɗe haikali sama da 100. Barcinsa kaɗan ne: tsakar dare yake tashi yana karanta fassara a na'urar ɗaukar murya. Ko a gadon jinya, almajirai na riƙe masa makirfo a baki. Ya rasu a Vrindavan ranar 14 ga Nuwamba 1977, bai ƙarasa Bhagavatam ba.

Ba zan rufe muku ɗayan gefen ba. Akwai kalamansa game da mata da baƙar fata da har yau ake sukarsa a kansu, kuma sukar tana da tushe. Bayan rasuwarsa almajirai 11 suka hau kujerar malanta, da yawansu suka faɗa abin kunya. Mafi muni shi ne abin da ya sami yaran da iyaye suka damƙa wa makarantun kwana na ƙungiyar a Amurka da Indiya: duka, yunwa da lalata. Mujallar ƙungiyar da kanta ta fallasa wannan a 1998, waɗanda abin ya shafa suka kai ƙara a 2000, aka ƙare da diyyar dala miliyan 9.5 ga ɗaruruwansu.

Ƙungiyar dai tana nan. Yau akasarin masu cika haikalinta a Amurka da Ingila 'yan asalin Indiya ne, kuma a nan Afirka ta Yamma tana da haikali a Legas da kuma Medie, kusa da Akara, inda 'yan Gana ke jan ibadar.