Dajin da ke ƙarƙashin gona

Jama'a masu sauraro, wanda ya ratsa ƙasar Maraɗi a farkon shekarun 1980 ba zai yi zaton itace zai sake tsayawa a can ba. Gonaki fayau, iska na kwasar rairayi tana binne gero, manomi ya yi shuka sau biyu sau uku kafin ta kama. An zuba kuɗi a dashen itatuwa, rana ta ƙone wasu, awaki suka cinye saura.

Ashe dajin bai mutu ba, kwanciya ya yi. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa sabara da kalgon da ake sassabewa kowace bazara tohon kututture ne, saiwarsu na nan da ranta. Daga nan aka sami abin da manoma ke kira sassaben zamani: ka zaɓi 'yan rassa masu ƙwari a gindi guda, ka datse sauran, ka tsare su daga wuta da bakin dabba. Tsohuwar saiwa ta riga ta kai ga laima, ina dashe zai kamo ta?

Dubi gawo. Da damina yake zubar da ganye, gero ya sha rana ya samu taki. Da rani kuma ya yi kore, shanu su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashi a gona. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5, akasari a Maraɗi da Damagaram.

Sai dai a ganina saiwa kaɗai ba ta yi wannan aikin ba. A da itace na hukuma ne, ka sare reshe a gonarka malamin daji ya ci ka tara. To wa zai yi renon abin da zai ja masa tara? Da aka sassauta, manomi ya ga icen girki da harawar nasa ne, sai ya bar toho ya tashi. A 2020 gwamnatin Nijar ta tabbatar masa da wannan haƙƙi a doka.

Kada kuma a ce ko'ina haka ne. Inda ƙasa ta zama faƙo, aka haƙe kututture aka yi gawayi, babu abin da zai toho. Can sai an ɗauki diga an haƙa ramukan rabin wata, su tare ruwan sama, a zuba taki, a jira.