Alat ya shigo, ina kuɗin suka tafi?

Assalamu alaikum jama'a. Alat ya shigo ranar 28 ga wata. Kafin 10 ga sabon wata kana tsaye gaban mai POS a Birnin Kebbi, kana cewa ya duba maka ko akwai saura. Ba kai kaɗai ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin kabu-kabu ya tashi, mudun shinkafa ya bi shi. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma kasuwa ba ta jira kowa ba.

To, ga abin da za ka yi ranar da kuɗin suka shigo, kafin ka fita daga gida. Ɗauki littafi da biro. A ce albashinka naira 100,000 ne. Rubuta cefane, kuɗin mota, wuta, kati da data. Kowanne ka sa masa adadinsa.

Yanzu ga inda yawancinmu ke faɗuwa. Haya sau ɗaya ake biya a shekara, kuɗin makaranta zango-zango, kayan Sallah kuma ba sa faɗowa daga sama. Idan hayarka 180,000 ce, raba ta gida goma sha biyu, 15,000 ke nan kowane wata. Cire su tun ranar farko, ka tura wani asusu da ba ka riƙe katinsa a aljihu, ko ka zuba a adashi wurin wanda ka yarda da amanarsa. Kuɗin da ke kusa da yatsa, shi ne ke fara tafiya.

Sai zumunci. Suna, biki, gudummawa, ɗan'uwa ya kira daga Argungu ba shi da lafiya. Kada ka yi kamar ba za su zo ba, za su zo. Ware musu nasu kason. In ya ƙare, ya ƙare, ka ce "sai wata mai kamawa in Allah ya kai mu". Da wuya a baki, na sani, amma ya fi ka ci bashi don a ce ka yi bajinta.

Mu a Kebbi muna da wata dama. Lokacin kaka shinkafa, gero da dawa sun fi sauƙi. Abin da ka tara na wata uku ko huɗu zai iya sayen buhu, maimakon awo mudu-mudu da damina lokacin da farashi ya hau.

Duk daren Juma'a ku zauna da uwargida, ku buɗe littafin, ku rubuta har tsiren ɗari biyar da ka saya a hanya. A bidiyo na gaba za mu duba yadda ɗan kasuwa da ba ya karɓar albashi zai tsara nasa.