Japan da Ƙwayoyin Tushe: Me Yen Biliyan 110 Ya Saya?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

A watan Satumbar 2014, a wani asibiti da ke birnin Kobe na ƙasar Japan, likitoci suka shiga ɗakin tiyata da wata dattijuwa mai shekara 70 da 'yan kai. Tsufa ya cinye tsakiyar ganinta, irin lalurar nan da mutum zai kalli fuskar jikansa ya ga gefe-gefe, tsakiyar kuwa sai hazo. Watanni kafin ranar an ɗan yanki fatarta, aka yi ta renon ƙwayoyin fatar a ɗakin bincike har suka rikiɗa suka zama irin ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bayan ido. Wannan 'yar shimfiɗa, wadda tsawonta bai kai ƙwayar shinkafa ba, ita Dokta Masayo Takahashi ta cibiyar binciken kimiyya ta RIKEN da abokan aikinta suka sa aka dasa mata. Ganin matar bai dawo ba. Amma ya daina lalacewa, kuma ƙari bai fito ba, wanda shi ne babban abin da ake tsoro. Kuɗin da aikin ya ci kuwa ya kai kimanin yen miliyan 100 a kuɗin Japan, wato kusan dala miliyan 1 a kan ido guda.

Mai sauraro zai ce, to ina ribar? Bari mu ɗan koma baya.

A kwanakin farko na ɗan tayi akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zaɓi sana'a ba. Kowacce za ta iya zama tsoka, ko jini, ko jijiya, ko ƙashi. Su ake kira ƙwayoyin tushe, kuma burin masana shi ne a yi amfani da su a sabunta sashen jikin da ya mutu, maimakon a yi ta lallaɓa shi da magani. Inda gizo ke saƙar shi ne, ba a samun su sai an lalata ɗan tayin. Wannan ne ya sa a 2001 Shugaba George Bush ya taƙaita kuɗin gwamnatin tarayyar Amurka a wannan bincike, har mutanen jihar Kalifoniya suka ga ba za su jira ba, suka kaɗa ƙuri'a a 2004 suka amince jiharsu ta ciwo bashin dala biliyan 3 ta zuba a ciki.

Ana cikin wannan ja-in-ja sai ga Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto. Asalinsa likitan ƙashi ne, kuma shi da bakinsa yake faɗin cewa hannunsa ba shi da sauri a tiyata, har na gaba da shi suka laƙaba masa suna "Jamanaka", ma'ana mai tare wa mutane hanya. Da ya koma ɗakin bincike, shi da ɗalibinsa Kazutoshi Takahashi suka tara ƙwayoyin gado 24, suna cire ɗaya bayan ɗaya, har suka tsaya a kan 4 da idan aka cusa su cikin ƙwayar fata za ta manta cewa ita fata ce, ta koma kamar ta ɗan tayi. Sun nuna haka a ƙwayoyin ɓera a 2006, sannan a ƙwayoyin ɗan Adam a 2007. Suka sa musu suna iPS, kuma da irinsu aka yi wa dattijuwar nan ta Kobe aiki. Ba ɗan tayi, ba rigimar addini. A 2012 Yamanaka ya karɓi kyautar Nobel tare da John Gurdon na Ingila.

Watanni kaɗan bayan haka, a farkon 2013, gwamnatin Shinzo Abe ta yi alkawarin yen biliyan 110, fiye da dala biliyan 1 a lokacin, cikin shekara 10. Ba adadin ne ya fi ɗaukar hankalina ba, domin Kalifoniya kaɗai ta fi haka. Wa'adin ne. Gwamnatin da za ta ce wa mai bincike ga kuɗinka na shekara 10, je ka yi aiki, ta fahimci cewa ƙwayar halitta ba ta san ranar zaɓe ba. Kuma Japan tana da dalilinta na cikin gida: fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanenta sun haura shekara 65, ga makantar tsufa, ga ciwon zuciya, ga cutar karkarwa. Ta kalli ciwon da ke damun gidanta, ta kalli abin da ɗanta ya gano, ta haɗa su.

Wannan haƙuri ya yi rana tun a shekarun farko. Mara lafiya na biyu da aka shirya yi wa dashen ido, an fasa, saboda an ga wasu canje-canje a ƙwayoyin gadon da ke cikin ƙwayoyin da aka rena masa. Da kamfani ne mai jiran riba, mai yiwuwa nan maganar za ta mutu. Maimakon haka sai aka sauya dabara. Tunda yi wa kowa nasa yana cin kusan shekara da kuma dukiya, cibiyar CiRA ta Kyoto, wadda Yamanaka ke jagoranta a lokacin, ta dukufa kan wani rumbu na ƙwayoyin iPS da aka samo daga wasu mutane na musamman waɗanda jikin jama'a da yawa ba ya ƙyamar ƙwayoyinsu, kamar dai yadda ake ajiye jini a asibiti. A 2017 aka fara dashen ido da na rumbun.

Duk da haka kada a ɗauka ruwan kuɗi ake yi a Kyoto. Yamanaka ya sha kokawa cewa kusan kashi 90 cikin 100 na ma'aikatan cibiyarsa 'yan kwantiragi ne, kuma mai kyautar Nobel sukutum ya riƙa shiga tseren gudun famfalaƙi don ya tara musu gudummawa.

To, amma gwamnatin da ta yi haƙuri da kuɗi ba ta yi haƙuri da doka ba, kuma a nan nake ganin ta yi tuntuɓe. A ƙarshen 2014 wata sabuwar doka ta fara aiki, wadda ta ba da damar a sayar da irin wannan magani da zarar an nuna ba ya cutarwa kuma da alamar yana iya amfani, sannan a ba kamfanin har shekara 7 ya kawo cikakkiyar hujja. A 2015 aka ba wa HeartSheet na kamfanin Terumo, wani maganin ciwon zuciya da ba na iPS ba, irin wannan izini. Tsokar cinyar mara lafiya ake ɗiba, a rena ta, a manna a kan zuciyar da ta gaji. Mutum 7 kacal aka gwada a kansu kafin izinin. Inshorar lafiya ta ƙasa ta riƙa biya, masana a waje suna ta gargaɗi. A 2024 kwamitin gwamnati ya duba sakamako ya ce babu hujjar cewa yana aiki, aka daina sayarwa. Sauri ya haifi nawa, kuma aljihun jama'a ne ya biya.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. A farkon 2014, daga wannan cibiya ta RIKEN da ke Kobe, wata matashiyar mai bincike, Haruko Obokata, ta sanar cewa ta gano hanya mafi sauƙi: a jiƙa ƙwaya a ruwa mai ɗan tsami, shi ke nan ta koma ta tushe. Kafafen labarai suka ɗauke ta sama. Cikin watanni aka gano an yi cuwa-cuwa a hotuna, aka janye rahoton, kuma a watan Agusta ubangidanta a aikin, Yoshiki Sasai, ɗaya daga cikin manyan masanan fannin a duniya, ya kashe kansa. Koriya ta Kudu ta riga ta ga irin wannan a 2005 da Hwang Woo-suk, wanda gwamnati ta mayar gwarzon ƙasa kafin a gane sakamakonsa na bogi ne. Idan bincike ya zama tutar ƙasa, mai cewa a dakata a sake dubawa sai a ɗauke shi ɗan baƙin ciki.

Shekaru 10 ɗin sun cika babu maganin iPS ko ɗaya da ya shiga kasuwa. Sai a watan Afrilun 2025 Jami'ar Kyoto ta fitar da sakamakon gwajin da ta fara tun 2018 kan cutar karkarwa ta Parkinson. Mutum 7 aka dasa wa ƙwayoyin a ƙwaƙwalwa, babu wanda ya sami mummunar illa, kuma 4 daga cikin 6 da aka auna motsinsu ya ɗan gyaru. Ƙaramin gwaji ne, amma na gaskiya, shekara 19 bayan ɓeran farko.

Wannan zance bai yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. Maganin ƙwayoyin tushe mafi daɗewa a duniya shi ne dashen ɓargo, domin a cikin ɓargo ma akwai ƙwayoyin tushe masu samar da jini, kuma yana warkar da sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ƙiyasta cewa jarirai kimanin 150,000 ake haifa da sikila kowace shekara a Najeriya, babu ƙasar da ta kai haka. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti yana matsa wa yaro ƙafa cikin sanyin hunturu ya san abin da wannan adadi ke nufi. A 2011 aka yi dashen ɓargo na farko a ƙasar, a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin Dokta Nosakhare Bazuaye, aka yi wa wani yaro mai sikila. Hannun da zai yi aikin akwai shi ke nan. Abin da ba mu ji ba shi ne wata gwamnati ta ce ga kuɗin shekara 10, wannan ciwon namu ne. Har yanzu masu hali da yawa Indiya suke kai 'ya'yansu.

A ƙarshen 2023 kuma Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ake ɗibar ƙwayoyin tushen jinin mai sikila, a gyara ƙwayar gadonsu, a mayar masa da abinsa. Farashin da aka sa masa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya.