Atishawar hunturu: abin da ake sha da abin da ba a ɗigawa a hanci

Jama'a masu kallo, assalamu alaikum. Da zarar hazo ya sauko Gombe daga wajen watan Nuwamba, ga kuma ƙaiƙayin sussukar gero da dawa, sai atishawa ta yi yawa a gidaje. In majinar fara ce kamar ruwa, ido da hanci na ƙaiƙayi, babu zazzaɓi, to galibi alaji ne. Jiki ne ke faɗa da ƙura, hanci ya kumbura daga ciki.

Kafin a nemi kowane ganye, a fara wanke ƙurar. A tafasa ruwa minti 5, a bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. A kofi ɗaya, wato mililita 250, a zuba gishiri rabin ƙaramin cokali. A zuƙa da sirinji marar allura, a sunkuya, a karkata kai, a matsa a hankali ta ƙofar hanci ta sama har ya fito ta ɗayar, ana numfashi ta baki. Safe da yamma. In gishiri ya yi yawa zai yi raɗaɗi. Ruwan rijiya ko na randa da ba a tafasa ba yana iya kai ƙwayar cuta cikin hanci. Kada a sa kanwa ko kaɗan.

Sai citta. A daddaka ɗanyarta kamar tsawon gaɓar yatsa, a tafasa a kofi biyu na ruwa minti 10, a tace, a sa zuma in ya huce. Wani bincike a ƙasar Tailan a 2020 ya nuna sinadarin citta na rage toshewar hanci da atishawa, amma an yi makonni 6 ana sha, don haka a yi haƙuri da ita. Mai gyambon ciki ko mai shan maganin tsinka jini ya fara tambayar likita. Ba a ba yaron da bai kai shekara ɗaya zuma.

Abin da ya fi damun mu shi ne ɗiga ruwan tafarnuwa a hanci: yana ƙona fatar ciki, kumburin ya ƙaru. Man habbatus-sauda ma kada a ɗiga wa yaro, don mai na iya gangarawa huhu. Sirace da na'a-na'a na buɗe hanci na ɗan lokaci ga babba, amma tukunyar ruwan zafi ta sha ƙona yara.

In numfashi na fito da ƙara, ko ƙirji na riƙewa, ko majina ta yi kauri da ciwon fuska fiye da kwana 10, a tafi asibiti a ranar.