Kamara Lamba Take Gani, To Wa Zai Biya Tarar?

[Hoto: danja a titin Ahmadu Bello da safe, motoci da Keke Napep sun yi cirko-cirko]

Kwana biyu ke nan kuna turo mana saƙo iri ɗaya. Hoton tes ne a waya: motarka mai lamba kaza ta keta danja, ka biya tara. A ƙasa kuma wani ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa kamara ba alƙali ba ce, kada kowa ya biya. Wani bawan Allah daga Rigasa, nan Kaduna, ya ce shi ko hanyar Legas bai sani ba, amma daga can tasa tarar ta zo. A kan nasa za mu fi zama, amma bari mu share fage tukuna.

[Hoto: kamara a kan ƙarfe, an matso kusa]

Aikinta ba wani tsafi ba ne. Na'ura ta auna gudunka ko ta ga ka wuce bayan ja ta kama, kamara ta ɗauki hoton lamba, kwamfuta ta karanta ta, ta duba rajista, ta tura saƙo. Shi kenan. Abin dariya, wanda ya shahara da ƙera wannan na'ura, Maurice Gatsonides ɗan ƙasar Holan, ɗan tseren mota ne da ya ci gasar Monte Carlo a 1953. Don ya auna gudun kansa ya ƙera ta, yanzu ga shi ta zame wa direbobin duniya ƙarfen ƙafa.

A nan gida Legas ce ta yi nisa. A farkon 2025 ta sanar da naira dubu 50 ga mai gudun wuce sa'a, dubu 20 ga mai keta danja.

[Hoto: shafin kundin tsarin mulki, yatsa yana bin layi]

Halas ne a doka? A gurguje. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba a hukunta mutum sai an rubuta laifin da hukuncinsa a doka, kuma sai an ba shi damar kare kansa. Hoton kamara hujja ce da kotu ke karɓa, amma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharaɗi: a nuna na'urar tana aiki daidai a lokacin. Masu kawo hukuncin Babbar Kotun Tarayya ta Abuja na Oktoban 2024 a matsayin hujjar ƙin biya kuwa, ku sake karantawa. Jami'an VIO ta hana tare motoci da ƙwace su da cin tara, bisa dalilin cewa babu dokar da ta ba su wannan iko. Ba ta yi maganar kamara ba. Don haka mai cewa kamara ba alƙali ba ce ya yi gaskiya, tes ɗin zargi ne kawai. Amma ka share shi ka kwanta barci, wannan kuma ganganci ne, don ranar sabunta takardu yana iya tsaya maka a gaba.

[Hoto: filin dillalan mota, ana buɗe bonet, ana dukan taya da ƙafa]

To, ga inda gizo ke saƙar.

Idan ɗan KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta Jihar Kaduna, ya tare ka a Kawo, kai yake gani. Fuskarka, lasinka, har da rantsuwar da kake yi cewa wallahi kore ce. Kamara kuwa ƙarfen da ke bayan mota take gani. Ba ta san wa ke riƙe da sitiyari ba. Sunan da ke cikin rajista shi ne nata, lambar wayar da ke jikin sunan ita za ta samu saƙo.

Yanzu ku tuna yadda muke sayar da mota a garin nan.

[Hoto: hannu yana rubutu a kan bonet]

An daidaita. An yago takarda daga littafin makarantar yaro, an ɗora a bonet. "Ni wane na sayar wa wane motata a kan kuɗi kaza." Shaidu biyu sun sa hannu, dillali ya soke la'adarsa a aljihu. "Alhaji, ga makulli, ga takardu, Allah ya sa a kashe lafiya." Aka shafa fatiha, kowa ya kama gabansa.

Wa ya je ofishin rajista ya sauya suna? Babu. Mai saye yana ganin kuɗin sauyin asara ce tunda ga takardu a hannu, mai sayarwa kuma yana ganin ai ya rabu da ƙaya. Bayan shekara wannan ya sayar wa wani, wancan ya sayar wa mai jigilar tumatir zuwa Kudu. Mota ta wuce hannu huɗu, a kwamfuta kuwa har yau Alhaji na farko ne mai ita. Tana keta danja a Ikeja, waya na ƙara a Rigasa.

Akwai ma wanda ya fi wannan. Da yawanmu ba mu taɓa taka ofishin rajista ba, ejan muke ba ya yi mana komai. Wajen cike fom, wani ejan ɗin lambar wayarsa yake sawa don kada ya dame ka da kira. Sai saƙon tara ya riƙa sauka a wayar mutumin da bai ma tuna ka ba, kai kuma kana yawonka ba ka san ana tara maka bashi ba.

[Hoto: taswira, Ingila sannan Jamus]

Wasu ƙasashen sun daɗe da cin karo da wannan. A Ingila, ana aika wa mai rajistar motar takarda cikin kwana 14, doka kuma ta tilasta masa ya faɗi wanda ke tuƙi, ƙin faɗa laifi ne mai zaman kansa. A Jamus direba ake nema, shi ya sa kamararsu fuska take ɗauka daga gaba.

[Hoto: baƙar jif, lambarta a rufe da leda, ta wuce danja]

Ni a ra'ayina, kamara ta fi tsayar da mutum a titi adalci ta fuska ɗaya: ba ta karɓar na goro, ba ta jin "ka san ko ni wane ne". Amma dubi wannan. Lamba a lulluɓe. Shi kamara ba ta gan shi ba, sai mai Golf ɗin da ke bayansa. Kuma kafin a ci ni tarar gudu, a kafa mini allo in gani, don dokar hanya ta ce kilomita 50 ne a cikin gari, amma titi nawa ne aka rubuta? Danjar da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta fa, da wace hujja za ta kama wani?

[Hoto: waya a hannu, saƙon tes]

Idan saƙo ya zo, kada ka latsa komai tukuna, 'yan damfara ma sun koyi rubuta shi. Asusun wani mutum, ba na hukuma ba, aka ba ka ka tura kuɗi? Share. Idan na hukuma ne, nemi hoton, duba rana da wuri da ƙirar motar, don akwai masu buga lambar wani su manna a tasu. Ba kai ba ne, ka shigar da ƙorafi a rubuce.

[Hoto: ana jawo durowa, tsofaffin takardu, takardar cinikin nan ta yi ja-ja]

Kai kuma Alhaji na Rigasa, je ka tono wannan. Ita ce shaidarka cewa mota ta bar hannunka, da kwanan wata. Yi mata hoto, ka nemo wanda ka sayar wa, ku tafi ofishin rajista tare a cire sunanka. In lambarsa ba ta shiga, nemi dillalin. Shi dai ba ya canza layi.