Ɗaki Mai Ƙyaure: Ina Waɗanda Aka Tasa Daga Ƙauyukan Zamfara Suke Kwana?

Assalamu alaikum jama'a.

Wannan ginin da kuke gani kango ne. Mai shi ya kai shi linta, kuɗi suka yanke, ya tafi ya bar shi. Babu rufi, babu ƙyaure. Amma ku dubi igiyar shanya, ku dubi murhu har uku a tsakar gida, ga buhunan da aka ɗinke aka toshe taga da su. Akwai mutane a ciki. Irinsa suna nan birjik a gefen Gusau, da Anka, da Tsafe, da Shinkafi, da Zurmi.

Mazauna cikinsa manoma ne masu rumbu da awaki, waɗanda a da su ne ke sauke baƙo. Ɓarayin daji suka tashe su: aka kore shanu, aka ɗauki mutane don kuɗin fansa, aka ɗora wa ƙauye haraji kafin shuka, aka sake ɗora wani kafin girbi. Wata rana da asuba sai kowa ya ɗauki abin da kai zai iya ɗauka.

To wa ke riƙe da su?

A jihohin Borno, Adamawa da Yobe, Majalisar Ɗinkin Duniya tana fitar da tsarin agaji duk shekara, da kasafinsa. Shekara da shekaru Zamfara ba ta cikin wannan tsarin, kuma sansanonin da hukuma ta kafa ba su taka kara sun karya ba. A Anka, filin da ake ginin sabuwar fadar Sarki ne ya zama mafakar ƴan gudun hijira. Wasu kuma azuzuwan firamare suka samu. Amma da yawa ba za ka gan su a wuri ɗaya ba, domin gidajen dangi suka shige.

Ɗauki magidanci mai ɗaki biyu da zaure, albashinsa ko cinikinsa da ƙyar yake kai shi ƙarshen wata. Ƙanwarsa ta iso da yara biyar, mijinta ya rasu. Ba zai ce mata a'a ba. Tukunyar da take ciyar da mutum bakwai yanzu ta koma ciyar da goma sha uku. Idan masu rabon kayan agaji suka zo, sunansa ba ya cikin takarda, don shi ba ɗan gudun hijira ba ne. A ganina wannan bawan Allah shi ne ginshiƙin duk agajin da ake yi a jihar nan, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Yanzu mu zo kan marasa lafiya, inda abin ya fi ciwo.

Maganin tarin fuka kyauta ne, amma wata shida ake shansa ba fashi. Wanda mai kango ya kora a wata na biyu, ya koma tasha, daga tasha ya koma wani gari, ya rabu da asibitin da ke riƙe da katinsa. Ya katse magani, cutar ta dawo, wani lokaci ta dawo da taurin kai. Yaron da tamowa ta kama, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF a Shinkafi ko Zurmi za su farfaɗo da shi, a sallame shi da abincin nan na gyaɗa na cikin leda. Idan ya koma inda mutum ashirin ke kwana ɗaki ɗaya, ba masai, ruwan sha na kududdufi, gudawa ko ƙyanda ce za ta sake kwantar da shi.

Mu a Zamfara mun taɓa ganin wannan da idonmu. A 2010 gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma likitoci suka ce ba zai yi amfani ba matuƙar yaro zai koma rarrafe a kan gurɓatacciyar ƙasa. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gida, aka zuba sabuwa. A Bagega wannan aikin bai samu ba sai 2013, kuma sai bayansa aka fara ba yaran garin magani. Gida aka fara gyarawa.

Haka abin yake ga mai taɓin hankali. A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin majinyaci. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, jihar Sakkwato. Ana kai mutum, ya samu sauƙi, a sallamo shi. Ya koma ina? Idan babu ɗaki, babu mai tuna masa ƙwaya, babu kuɗin motar komawa ganin likita, bakin kasuwa zai sake komawa, ko dangi su gaji su sa masa mari. Matar da aka kashe mijinta a gabanta, ta daina barci, ita ma jinya take bukata, ko da ba ta taɓa yin sambatu ba.

Ƙasar Finland ta sauya tsarinta a 2008. Maimakon a ce wa marar gida sai ya warke ko ya daina shaye-shaye sannan a ba shi muhalli, sai aka fara ba shi ɗaki da takardar haya da sunansa, sannan ma'aikacin jinya da na walwala su riƙa zuwa inda yake. Yawan masu daɗewa ba muhalli ya ragu sosai a can.

Mu kuwa muna da namu tushen. Masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da Suffa, inda marasa gida da iyali suke kwana, ana ciyar da su. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa masu cin zakka kashi takwas, har da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Sayyidina Umar ya samu fili a Khaibara, aka umarce shi ya riƙe asalin, ya sadaukar da amfaninsa. Wannan shi ne waƙafi. Jihar nan tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, kuma muna da masu hali.

Shinkafar da ake rabawa da azumi alheri ce, Allah ya saka. Sai dai kafin Sallah shinkafar ta ƙare. Gidan waƙafi mai ɗaki goma kusa da asibiti zai yi wa mutane aiki har bayan ran mai shi, idan an tsara shi da kyau. A rubuta takardarsa a gaban shaidu, don kada magada su sayar. A naɗa mai kula da shi. A fitar da shaguna biyu ko uku ta gaba, kuɗin hayarsu ya riƙa gyaran rufi da famfo. Masai na mata daban, da sakata ta ciki. Kada a kai shi bayan gari inda babu kasuwa, babu makaranta, babu tsaro, domin bazawara mai marayu sai ta yi awara ko wankau take ciyar da su. A samu ma'aikaciyar lafiya mai leƙowa duk mako da littafinta, ta san wa ya sha magani, wa ya fasa.

Wanda ba shi da ƙarfin gina gida, akwai kangon nan da muka fara da shi. Mutanen unguwa ko kwamitin masallaci su zauna da mai shi a gaban mai unguwa: mu za mu sa kwano da ƙyaure, mu haƙa masai, kai kuma ka bar mutanen nan su zauna shekara biyu ba haya, ba kora. A rubuta, kowa ya sa hannu. Mai kango ya samu rufi, su kuma sun samu wurin da ma'aikaciyar lafiya za ta same su idan ta dawo. Magidancin nan mai ɗaki biyu shi ma a sa sunansa cikin rabon hatsi.

Aikin rufin kuwa a yi shi tun da rani, kafin ruwan Yuni ya sauka.