Kuɗin Gwamnati, Fasahar Ƙananan Kamfanoni: Yadda Shirin SBIR Yake

A watan Disamba na 2014, ɗan sama jannati Barry Wilmore yana tashar ƙasa da ƙasa ta sararin samaniya, sai ya buƙaci sifana. Babu roka da za ta kai masa a wannan makon. Sai injiniyoyi suka zana ta a kwamfuta, suka tura zanen sama. Wata na'ura a can ta narka roba tana jera ta shimfiɗa bisa shimfiɗa, cikin kusan awa huɗu sifana ta fito, ya riƙe ta a hannunsa.

Wa ya ƙera na'urar? Wani ƙaramin kamfani ne a Kalifoniya mai suna Made In Space, kuma NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ce ta tallafa masa ta shirin SBIR, wato shirin gwamnati na tallafa wa ƙananan kamfanoni su yi bincike da ƙirƙirar sabuwar fasaha.

Shirin ya samo asali ne daga dokar da Shugaba Reagan ya sa wa hannu a 1982. Duk hukumar gwamnatin Amurka da ke kashe sama da dala miliyan 100 kan binciken da take bai wa wasu a waje, dole ta ware wani kaso ga ƙananan kamfanoni, kason da ya kai 3.2 cikin ɗari. Sharaɗi: ma'aikatan kamfanin kada su wuce 500, kuma Amurkawa ne za su mallaki mafi yawansa.

Shirin yana da matakai uku. A NASA, a shekarar 2024, tallafin matakin farko ya kai dala 150,000 na wata shida, don a nuna ko dabarar za ta yiwu. In ta yiwu, sai mataki na biyu, wanda a lokacin tallafinsa ya kai dala 850,000 na shekara biyu.

Ga inda abin ya fi burge ni. Kuɗin nan ba bashi ba ne, kuma gwamnati ba ta karɓar hannun jari ko ɗaya. Fasahar ta kamfanin ce. Ai ɗan kasuwa ba zai zuba dukiyarsa kan na'urar da ba a taɓa gwadawa a sararin samaniya ba. Gwamnati ce ke ɗaukar wannan kasada ta farko.

Sai dai a mataki na uku, shirin ba ya ba da ko sisi. Dole kamfani ya nemo kwangila ko masu zuba jari da kansa, kuma gwajin na'ura a sararin samaniya yana cin kuɗi da shekaru. Masu harkar suna kiran wannan tsakanin "kwarin mutuwa", domin nan ne kamfanoni da yawa ke durƙushewa da samfurinsu a kan tebur.